A gyara sautin mota na kamfani ko a canza shi gaba ɗaya? Abin da ya faru da mota guda cikin wata shida

Yadda motar take kafin a taɓa ta

Motar ƙarama ce mai ƙofa huɗu, ƙirar 2012, mai ita hannu na biyu ya saye ta kuma babu wanda ya taɓa kwance kayan sautinta tun da ta fito daga kamfani. Sifikoki shida ne a ciki, biyu masu inci 6.5 a ƙofofin gaba, ƙanana biyu a saman dashbod waɗanda ake ce wa tuwita masu fitar da siririn sauti, sai dogaye biyu masu inci 6 da 9 a bayan kujerar baya. Babu amfilifaya daban, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, rediyon ne yake tura su duka da kansa. Yana da CD da FM da ramin AUX, akwai Bluetooth amma na amsa kira ne kawai, ba ya ɗaukar waƙa daga waya.

Ɗan allon da ke jikin rediyon nan ba na rediyo kaɗai ba ne, a nan agogo yake, a nan ake ganin yawan man da motar take sha, a nan ake saita ko ƙofofi su kulle kansu in an fara tafiya, kuma maɓallan sitiyari da shi suke aiki. Wannan zai dawo mana a gaba.

Mai motar mutum ne da yake daɗewa a hanya kullum, yana jin labarai da shirye-shiryen hira da waƙa. Kukansa guda uku ne. Sifikar ƙofar direba tana ƙarar tsagewa duk lokacin da ganga ta buga, kaurin sauti wato bes ya ragu sosai, sannan in ya hau babban titi yana gudu sai ya ƙure murya kafin ya fahimci me ake cewa, in ya ƙure ɗin kuma sautin ya dagule. Ga kuma son jin abin da ke cikin wayarsa ba tare da ya jona igiya ba.

Makon farko: na'urar FM

Abin da ya fara saya shi ne 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin caji, ta karɓi sauti daga waya ta Bluetooth ta watsa shi a wata tashar FM da babu kowa, rediyon mota ya kama. Ta yi aiki dai, amma FM ba ya ɗaukar sautin da ya wuce wajen kilohaz 15, kuma da ya shiga inda tashoshi suka yi yawa sai shuuu ya shigo. Tsagewar sifika kuwa tana nan yadda take don na'urar ba ta da alaƙa da ita. Bai yi mako da ita ba ya cire.

Wata na farko: sababbin sifikoki a gaba

Ya kai motar wajen wani mai haɗa kayan sauti. Da aka cire murfin ƙofar direba sai ga dalilin tsagewar a fili, soson da ya zagaye takardar sifikar ya ruɓe, in ka taɓa shi da yatsa marmashewa yake, kusan rabinsa ya rabu da jiki. Wannan ba abin mamaki ba ne a motar da ta haura shekara goma, cikin ƙofa waje ne mai zafi kuma ruwan da ke bin gilas ta nan yake gangarowa.

Aka sayi sabbi guda biyu, jikin kwalin an rubuta wat 300 da manyan baƙi. A can gefe da ƙananan baƙi an rubuta RMS 60, wato wat ɗin da sifikar take iya ɗauka a kai a kai, om 4, wato yadda take tirje wa wuta, da 87 dB, wato yawan ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya, amma ranar babu wanda ya duba nan. Tsohuwar sifikar tana da nata gidan roba mai noti uku, sabuwar ramuka huɗu gare ta, sai mai aikin ya huda ƙarfen ƙofar ya ɗaure ta kai tsaye. Soket ɗin kamfani bai shiga ba, ya yanke shi ya murɗa wayoyin ya naɗe da tef.

Tsagewa ta tafi. Muryoyi sun ɗan fi fita. Amma ƙarfin sautin ya ragu a kan da, bes kuma maimakon ya dawo sai ya ƙara sirancewa, har mai motar yake cewa tsofaffin da suka yage sun fi waɗannan nauyi. Ya koma, aka ce masa ai sifikokin manya ne, rediyon kamfani ne ba shi da ƙarfin tura su.

Wata na biyu: rediyo mai allo

A kan wannan maganar aka cire rediyon kamfani aka sa na Android mai babban allon taɓawa, wanda kwalinsa ya ce wat 50 sau huɗu. Rediyoyin kasuwa suna bin wani awo ne da ake kira DIN, faɗin milimita 180 da tsayin 50, ko mai ninki biyu 180 da 100, to dashbod ɗin wannan motar ba a kan wannan awon aka yi shi ba, sai da aka nemo wani firam na roba aka cike gefe. Akwai soket na musamman da ake sayarwa wanda yake haɗa sabon rediyo da wayarin mota ba tare da yanka ba, ba a samu na wannan motar a ranar ba, mai motar kuma yana sauri, aka sake yanke soket ɗin kamfani.

Ya samu abin da yake so ta ɓangare ɗaya, taswira a allo, waƙa ta Bluetooth, har da wajen jona kamarar baya. Abin da ya rasa kuma ga shi. Maɓallan sitiyari sun daina aiki kuma saitin kulle ƙofa da lissafin mai sun ɓace, saboda a wannan motar duk ta layin CAN suke bi, layin da kwamfutocin mota suke magana da juna a kai wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986, kuma rediyon kasuwa ba ya jin wannan yaren sai an sa masa wani ɗan akwati mai fassara. FM ya yi rauni, tashoshin da yake kamawa tar a da suka koma da ƙyar. Sai wani siririn kuka, wiiii, da yake tashi in ya taka totur ya sauka in ya ɗaga ƙafa.

Bes bai dawo ba. Ƙarfin sauti kusan ɗaya da na da.

Wata na uku: batir

Ya ajiye motar kwana uku bai tayar ba, ya zo ta ƙi tashi. Ya ɗauka batirin ne ya tsufa, ya sayi sabo. Bayan 'yan makonni ya sake ajiye ta na wasu kwanaki, sabon ma ya kwanta. A wannan lokacin shawarar da ake ta ba shi ita ce ya sa katuwar wufa, wato sifikar da bes kawai take fitarwa, mai inci 12 a but da babban amfilifaya, wai ita ce za ta kawo bes ɗin da yake nema, kuma har ya fara tambayar kaya. Matsalar batirin ce ta kai shi wajen wani mai wayarin daban, ba maganar sauti ba.

Wata na huɗu: ranar da aka tsaya aka auna

Wannan mutumin bai kwance komai da farko ba. Ya kashe mota, ya rufe ƙofofi, ya jira kwamfutocinta suka yi barci, sannan ya sa mita tsakanin batir da wayarsa ta negatif. Motar da take lafiya yawanci ba ta jan abin da ya wuce miliamfiya 50 in tana kashe. Wannan tana jan kusan rabin amfiya. Lissafin mai sauƙi ne, rabin amfiya sau awa 24 ya ba da amfiya-awa 12 a rana, kwana uku 36, batirin kuma na 45 ne, ka ga ba laifin batir. Ya zare fiyus ɗin rediyo, nan take mitar ta faɗo. Da ya ciro rediyon sai ya tarar an haɗe wayoyi biyu waje ɗaya, rawaya wadda take son wuta kullum don ajiye saiti, da ja wadda sai an murɗa makulli take samun wuta, duka an ɗaure su a layin da ba ya mutuwa. Allon yana yin duhu amma cikin na'urar a kunne yake dare da rana.

A bayan rediyon dai ya ga sauran. Baƙar wayar at, wato ta negatif da ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota, an ɗaure ta a wani noti da ke jikin ƙarfen da roba ta riƙe, ba ta samun jikin mota da kyau, shi ya sa hayaniyar altaneta take shiga sauti, kukan nan da yake bin totur. Shuɗiyar wayar da ya kamata ta ba ƙaramin amfilifayan eriya wuta tana lilo ba a jona ta ko'ina ba, motoci da yawa masu eriya a jikin gilas suna da irin wannan, in babu wuta FM ya zama kurma.

Mai motar ya kawo maganar wufa. Mai wayarin ya ce yallaɓai a bari tukuna a ji abin da ke ciki. Ya kunna waƙa mai ganga, ya mayar da sautin gaba kawai, sannan ya karkatar da shi duka zuwa hagu. Bes ya fito. Ya mayar dama kawai, bes ya fito. Ya dawo da shi tsakiya, biyun suna aiki tare, sai bes ya ɓace. Wannan gwajin ko minti ɗaya bai ci ba kuma babu kayan aiki a cikinsa, kowa zai iya yi a motarsa yau. Ma'anarsa an juya wayoyin sifika ɗaya, fositif a wajen negatif, to lokacin da ta hagu take turo iska waje ta dama tana ja ciki, kuma kaurin sauti shi ya fi cutuwa da wannan don igiyar sautinsa a iska doguwa ce, na wannan ƙofar yana kashe na waccan. Ya tabbatar da ɗan batirin bolt 1.5, ya taɓa shi a wayoyin da ke zuwa kowace sifika yana kallon takardar, ta direba ta yi baya ta fasinja ta yi gaba. Tuwita ba a yi mata wannan gwajin, ba ta jure shi.

Sai zaman sifikar a ƙofa. Ya haska fitila ta baya, haske yana fitowa ta gefenta, akwai wajen da ɗan yatsa zai shiga tsakaninta da ƙarfe. Sifika tana fitar da sauti ta gaba da ta baya kuma kishiyoyin juna ne, in babu abin da ya raba su sai na baya ya zagayo ya cinye na gaba. Gidan robar da aka jefar tare da tsohuwar sifikar aikinsa kenan. Ya ƙwanƙwasa ƙofar daga waje, tana amo kamar fanko.

Na ƙarshe ya auna ƙarfin rediyon. Ya sa sautin gwaji na haz 1,000, ya riƙa ƙara murya har sautin ya fara dagulewa, mitar tana nuna wajen bolt 8 da ɗoriya. In ka ninka bolt da kansa ka raba da om 4 za ka samu wat 16 zuwa 20. Wat 50 ɗin kwali adadin ƙololuwa ne na ɗan lokaci. Rediyon da ke aiki da wutar mota kai tsaye, bolt 14 da 'yan kai in inji yana tafiya, iyakarsa kenan, ko na kamfani ne ko na kasuwa, don haka canjin da aka yi a wata na biyu bai ƙara ƙarfin da za a ji ba. Sifikokin kamfani kuma da gangan ake yin su da takarda mara nauyi don ɗan ƙarfi ya ishe su. Sabbin sun fi nauyi, kuma duk ragin 3 dB a adadin dB ɗin nan na jikin kwali yana nufin sai an ninka wat kafin a samu ƙara iri ɗaya.

Wata na huɗu zuwa na biyar: gyara ba tare da sayen babban abu ba

An yi aikin kashi biyu, kuma mai wayarin ya nace a ji sakamakon kowane kashi kafin a wuce.

Kashi na farko ƙofofi. Aka daidaita wayoyin da aka juya, aka yi musu dalma maimakon murɗawa. Aka sa zobe na roba mai kauri daidai ramin ƙofar, aka ɗora sifikar a kai da soso a tsakani, babu inda iska za ta bi. Aka manna tabarmar butil mai bayan alminiyom a jikin ƙarfen ƙofa ta ciki, ba duka ba, wajen da ya fi faɗi da bayan sifika, aka danne ta da abin murzawa, aka kula ba a toshe ramukan da ruwa ke fita a ƙasan ƙofa ba. Da aka ƙwanƙwasa sai ka ji dum, babu amo. A nan ne aka samu canji mafi girma a duk labarin, bes ya dawo har ya fi na asali, kuma ƙarar titi da ke shigowa ta ƙofa ta ɗan ragu, muryar mai labarai ta fi fita a kan gudu.

Kashi na biyu rediyo. Zaɓi biyu ne, a gyara wayarin na Android a nemo masa akwatin CAN, ko a mayar da na kamfani. Akwatin da aka samu ya dawo da maɓallan sitiyari amma bai dawo da saitin ƙofa da lissafin mai ba. Mai motar kuma ya gaji da jiran allon ya gama tashi duk safiya. Allah ya sa bai yar da tsohon ba. Aka nemo soket daga wata motar da aka kwance, aka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da dalma, wannan shi ya fi cin lokaci a duk aikin. Don waƙar waya kuma aka sa ɗan abin Bluetooth da ke shiga ramin AUX. Ranar farko ya yi ɗan kuka saboda yana cin wuta daga ramin caji, aka sa masa ƙaramar na'urar da take raba at ɗin sauti da na wuta, ya yi shiru. Aka sake auna batir mota a kashe, ya dawo ƙasa da miliamfiya 50.

Wata na shida: ƙaramin amfilifaya

Ya yi makonni a haka. Abin da ya rage shi ne in ya ƙure murya a babban titi sautin yana taurarewa, wannan kam ƙarancin ƙarfi ne na gaske. Sai yanzu aka sa amfilifaya, ƙarami mai layi huɗu, wat 50 RMS kowane layi, irin wanda yake karɓar sauti kai tsaye daga wayoyin sifika don rediyon kamfani ba shi da ramukan RCA da ake jona amfilifaya da su. Ya shige ƙarƙashin kujerar fasinja. An ja masa wayar jan ƙarfe zalla mai kauri lamba 8 daga batir, fiyus a kusa da batirin ƙasa da santimita 45, at gajere a jikin ƙarfen da aka kankare wa fenti. Wayar wuta ta bi gefe ɗaya na motar, ta sauti ta bi ɗaya gefen.

Maɓallin gen, wanda ke saita yadda amfilifaya zai ƙara sautin da ya karɓa, ba a murɗa shi da kunne ba. Wat 50 sau om 4 ya ba da 200, lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da haka ita ce 14 da ɗan kai, to aka cire sifikoki, aka kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, aka murɗa har mita ta nuna bolt 14 aka tsaya. Aka kuma tace abin da ke ƙasa da haz 80 kada ya je sifikokin ƙofa da ƙarfi, don inci 6.5 ba ta iya shi, wahala kawai take sha.

Daga wat 20 zuwa 50 kusan 4 dB ne, ba wani ninkin ƙara ba. Abin da ya canza shi ne a muryar da yake ji kullum a hanya yanzu akwai sauran ƙarfi a ajiye, ganga ta buga ba tare da muryar mai waƙa ta shaƙe ba.

Inda aka tsaya

Tsagewa babu, kukan totur babu, batir lafiya, sitiyari da agogo da lissafin mai duk sun dawo. Sifikokin baya na kamfani ne har yanzu, an duba sosonsu bai lalace ba tukuna. Abu biyu bai samu ba. Babu taswira a dashbod, wayarsa yake maƙalawa. Kuma rediyon kamfanin yana rage bes da kansa in murya ta yi sama sosai, dabarar da ake sa wa da yawansu don kare sifikoki masu rauni, gyaran wannan sai na'urar DSP mai daidaita sauti, bai ga ya kai ya saya ba. Rediyon Android da batiri ɗaya mai lafiya suna ajiye a gida.

Abin da nake gani

A wannan motar mayar da rediyon kamfani shi ne daidai, kuma da an tsaya an auna tun wata na farko da ba a cire shi ba ma. Sifikar da ta yage dole a canza ta, wannan babu gardama. Amma raunin da ya biyo baya daga yadda aka ɗaura ta ya fito, waya a juye da rami a buɗe, sai aka ɗora wa rediyo laifin, garin neman gira aka kusa rasa ido. Abin da ya fi damuna shi ne yanke soket, sau biyu, don shi ne ya mayar da aikin da za a iya warwarewa cikin minti goma ya zama na yini guda, kuma waya da aka murɗa aka naɗe da tef a bayan dashbod tana iya kawo abin da ya fi mutuwar batir muni.

Ba na ganin canza rediyo a matsayin kuskure a kowace mota. In motar tsohuwa ce mai ramin DIN, rediyon ba ya riƙe da komai sai kansa, canza shi da mai kyau wanda ke da RCA da Android Auto ko CarPlay yana da sauƙi kuma zai ba amfilifaya sauti mai tsabta fiye da wanda ake ɗebowa daga wayoyin sifika. Ko a wannan motar, da taswira a allo ce babbar buƙatarsa, da sai in ce ya jira a samo soket da akwatin CAN da suka dace ya haƙura da lissafin mai. Buƙatarsa ita ce ya ji magana da waƙa da kyau a kan gudu, kuma ƙofofin da aka gyara da ɗan amfilifaya suka biya masa ita.

Wufa kuwa, da an sa ta a wata na uku za ta rufe matsalar ne kawai, but yana girgiza gaba kuma babu nauyi, ga ƙarin kaya a kan wayarin da ya riga ya lalace. Yanzu da komai ya zauna, in yana son abin da ke ƙasa da haz 80, ƙarama mai inci 8 da nata amfilifaya a jiki za ta shiga ƙarƙashin kujerar direba, sai dai a sake duba kaurin wayar wuta da fiyus kafin a jona ta.